Giyar Baba Wilf Ta Yi Tsami

Guildford, Litinin

Yaya Glenda,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba. Mun iso gida lafiya, ban da cikin abokina Piers da har yanzu yake ƙugi.

Ba zan ɓoye miki ba, kun kunyata ni. Na kwaso abokaina biyu na ƙungiyar masu ɗanɗana giyar ganga tun daga kudu, duk hanya ina cika musu baki cewa ubana ne yake dafa giyar da babu irinta a Yorkshire, a rumfar bayan mashayarmu, ba gas, ba firiji, da famfon hannu ake jawo ta. Sai ga abin da kika tsiyaya mana. Na ɗaga kofin a taga, ko yatsana ban hango ta ciki ba. Na kurɓa, ruwan tsami! Ko a kan soyayyen kifi ba zan yayyafa shi ba.

Na yi abin da kowane mashayi mai hankali yake yi, na tura kofin kan kantar mashaya na ce ganga ta lalace, a canza. Wai har Norman mai ginin katanga ne zai ce mini, "Mu dai tana yi mana, yaro," yana sha yana yamutsa fuska. Ke kuma kika nuna mana ƙofa, Baba yana zaune gefen murhu yana kallo. Ƙauyen nan naku dai ko wankin tukunya aka ba su za su shanye su yi godiya.

Ina jiran ban haƙuri. Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Desmond

Skelderby, Alhamis

Desmond,

Na amsa gaisuwarka, tunda an koya mini tarbiyya. Ka gaida cikin Piers.

Ban haƙuri? Lallai ma yaron nan! Shekara nawa rabonka da gida, sai ka faɗo mana da wasu masu gemu biyu suna shinshina kofi kamar karnuka. Kana tsammanin kai kaɗai aka yi wa harshe a duniya? To buɗe kunnenka. Tun ciwon da ya kwantar da Baba bara waccan, hancinsa da harshensa suka mutu. Ba ya jin ƙanshi, ba ya jin ɗanɗano. Bai faɗa wa kowa ba, ni ma a kan shayi na gane, ranar da na manta sukari ya ce ya yi daɗi. Da hannu yake dafa giyar yadda ya saba, amma in ta juya ba ya sani.

Duk wanda ka gani a ɗakin nan ya sani. Norman da kake rainawa kullum sai ya sha kofi biyu, ya ɗaga wa Baba hannu ya ce, "Yau ma ka yi, Wilf," sannan ya je gida ya sha maganin ciki. Saboda wannan kalma Baba yake saka takalminsa da safe. Tun rasuwar Mama ba shi da wani abin tashi sai rumfar nan.

Bayan fitarku Baba ya kira Norman ya ce, "Gaskiya yaron ya faɗa?" Norman ya kasa ɗaga kai. Washegari Baba ya tuntsurar da ganguna duka a lambatu, ya sa wa rumfa kwaɗo, ya hau sama. Har yau bai sauko ba, abinci ma sai na yi da gaske. Ina tsoro, Desmond, kuma ina jin haushinka kamar in mutu.

Ka ci gaba da ɗanɗane-ɗanɗanenka. Sai wata rana.

Glenda

Guildford, Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban sani ba, kuma waye ya hana ki ɗaga waya ki gaya mini? Na karanta wasiƙarki ban iya cin abinci ba.

Amma kada ki sa ran in ce tsami zaƙi ne. Kun mai da mutumin da ya yi shekara hamsin yana dafa giya kamar jaririn da ake tafa wa hannu. Tir da irin wannan tausayi. Na rubuta masa shi ma, na ba shi haƙurin yadda na faɗa a gaban jama'a. Abin da na faɗa kuwa ban janye ba. In kin ga dama ki miƙa masa takardar.

Ki gaida shi, in zai amsa.

Desmond

Skelderby, Laraba

Desmond,

Ina gaishe ka. Yayarka ta jefo mini takardarka a kan gado kamar ta ɗauko mushen ɓera.

Rashin kunya dai ba yau ka fara ba, kuma abokanka masu gemu ba su yi mini ba. Amma kai ɗaya ne. Su Norman kuwa ɗaki guda ne cike da ƙartin banza, wasu ni na ba su kofinsu na farko a duniya, suka zauna shekara biyu suna haɗiyar ruwan tsami suna kallon idona suna cewa na yi. Norman ya zo duba ni jiya da inabi a leda, na ce a gaya masa ina barci.

Na sa an kawo sabon sha'ir na dafa giya. Hannuna yana nan, harshe ne ba ni da shi. Ka zo ranar Juma'a ka zauna wata guda, ni in dafa, kai ka ɗanɗana. Wadda ka ce ta lalace lambatu za ta, ko da ta kai goma. In kuwa na kama ka kana tausaya mini, kai ma ka bi Norman.

Ka zo da takalmin roba, rumfar tana yoyo. Allah ya kawo ka lafiya.

Ubanka,
Wilf