Maganin Wancan Na Yamai

Cadakori, farkon bazara

Zuwa ga Yaya Sharifu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina aiki, ina zafin Yamai? Ina Safina da yara? Mu nan sai godiyar Allah, in ban da jikin Inna.

Na zaɓi takarda ne don in na kira ka a waya, kafin in kai ga magana ka ce kana buro, aiki ya yi maka yawa. To ga ta, ka karanta a buron.

Inna ta fara jiri. In ta miƙe sai ta dafa bango, rannan kuma ta zube a bakin murhu, Allah ya sa ba wuta. Na ɗora ta a amalanke munka je gidan likita wurin majo, babban malamin jinya. Ya ce in kawo duk abin da take sha, na juye mishi kwanon nan nata mai murfi a kan tebur. Bawan Allah ya bi magungunan ɗaya bayan ɗaya yana dubawa.

Ka san yadda abin ya taru. Kai ka kai ta wurin dogotoro, babban likita, a Yamai bara waccan, ya rubuta maganin hawan jini da na barci, kana ta saye da tsohuwar takardar kana aikowa duk wata. Ƙanenmu Ado ya kai ta Maraɗi, anka rubuta wani. Ƙanwarmu Lubna ta ɗauke ta zuwa gidanta Katsina, anka ƙara wani. Kowa neman albarka yake, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa. Majo ya ce na hawan jinin duk aiki ɗaya suke yi, launi ne ya bambanta, sun saukar mata da jini fiye da kima. Na barcin kuwa ba abin da tsohuwa za ta yi ta sha wata da watanni ba ne, yana kashe jiki, yana rikita tunani. Ya ce a ci gaba da na Maraɗi kaɗai, na barcin a janye shi sannu a hankali.

Inna ba ta san sunan ko ɗaya ba. Wannan na Ado ne, wannan na Lubna, farin ƙaramin nan kuwa na wancan na Yamai, tunda kai ne ɗan fari, bakinta bai taɓa kama sunanka ba. Don Allah ka dakatar da aike.

Ƙanwarka,
Kande

Cadakori, tsakiyar bazara

Yaya Sharifu,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan iyali suna lafiya.

Amsarka ta waya ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye ba. Ka ce malamin ƙauye ba zai gyara wa dogotoron Yamai aiki ba. Ni dai na san dogotoron bai sake ganin Inna ba, majo kuwa shi ya duba ta da idonsa.

Na Lubna ta miƙo mini ba musu. Naka ta ce ya ƙare. Ashe direban da kake ba saƙo ya zo ranar kasuwa ba ni gida, ya damƙa mata a hannu. Ban gane ba sai ranar sunan jikar Asama'u maƙwabciyarmu. Mata cike da tsakar gida, Inna ta ɗaga kai ta ce a kira mata Sharifu ya zo ya ci tuwo. Da sunanka, Yaya, a gaban jama'a. Ni da na shekara ina tsokanarta ta faɗi sunan nan ko sau ɗaya, ranar da ta faɗa kuka na yi, don na san ba a hayyacinta take ba.

Da munka koma na duba bakin zanenta inda take ƙulle goro, na tarar da ƙwayoyin. Washegari da ta warware na yi mata faɗa har na ji kunyar kaina. Ta ce ba ta taɓa yi maka wasa a gaban mutane ba, kana barin nono kakarmu ta ɗauke ka, ko ka zo gaishe ta kai take kawarwa. Abin da ya fito daga hannunka ba za ta zubar ba, ko ni ko majo ba mu isa ba. Na ƙwace waɗanda na gani, amma na tabbata akwai saura.

Tsoro nake ji. Bakinka kaɗai za ta ji. Ka zo ka ce mata ta bari.

Taka,
Kande

Cadakori, farkon damina

Yayana,

Ina gaisuwa, ina ƙara yi mana ta'aziyya. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Da fatan ka koma gida lafiya.

Ranar sadaka mutane sun yi yawa, kai kuma ko ido ba ka iya haɗawa da ni, shi ya sa na bar maganar sai yanzu. Na san ka koma wurin dogotoron, ya ce na ƴan kwanaki ya rubuta na barcin. Na san ka sa ranar zuwa bayan Salla. Ba ta kai ba. Ta tashi alwalar la'asar da buta a hannu, jiri ya kwashe ta, ƙugu ya karye. Ban rubuto don in ɗora maka ba. Dukkanmu munka cika kwanon nan.

A asibitin Maraɗi, da ƙwayar ta bar jikinta, hankalinta ya dawo tangaram, kunyarta ma ta dawo. Ba ta ƙara faɗin sunanka ba. Ana gobe za ta cika ta jawo hannuna, ta tambaya ko wancan na Yamai ya ji labarin faɗuwarta. Na ce ya ji, yana shirin tahowa. Ta ce kada a tayar mishi da hankali, a faɗa mishi maganinsa ya karɓe ta, tana samun barci.

Na isar da saƙonta, Yaya.

Ƙanwarka,
Kande