Furen da ke Wayar Rauf

Tishigu, Tamale
4 ga Agusta

Zuwa ga Kawu Masahudu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da Inna Azeta da mutanen Salaga. Da ba takabar mijina Rauf nake yi ba, da ƙafata zan zo. Na kuma san kunnenka ba ya jin waya, shi ya sa na ba Adiza mai doya wannan takarda.

Ga hoto a ciki, a wayar Rauf na same shi na sa aka wanko. Fure ne mai ja a sama, rawaya a ƙasa, ya lanƙwashe baya kamar harshen wuta.

Ana ce mini kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma ranar Litinin ya tuƙo lori daga Kumasi, ya ci tuwo malmala biyu, ba abin da ke damunsa sai gwiwa. Talata ya sha jiƙon wata saiwa, ya ce bakinsa na ƙuna. Daga nan amai da gudawa, har ya cika ranar Juma'a. Likita ya tambaye ni abin da ya sha, ni kuwa ban san sunan saiwar ba. Wanda ya ba shi saiwar shi ya turo masa hoton, ya rubuta: "Wannan ne mai ita."

Ka yi shekara talatin kana aikin gandun daji. Ka faɗa mini sunansa.

'Yarka,
Samiratu


Salaga
9 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Samiratu,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, Allah ya jiƙan Rauf, ya raya abin da ya bari.

Na san furen. Gatarin kurege muke ce masa, wasu su ce baurairai. Da damina yake fitowa, yana hawa ciyayi da bakin ganyensa mai ƙugiya. Saiwarsa kamar 'yar doya take, mai rassa biyu. Dafi ce. Na taɓa ganin tunkiya ta ci, ba ta kwana biyu ba.

Tun da na buɗe takardarki ban iya cin abinci ba. Ba ki faɗi wanda ya ba shi ba. Wane ne? Kada ki yi komai cikin fushi, ki bari mu yi magana tukuna.

Ki gaida yara. Wassalam.

Kawunki,
Masahudu


Tishigu
15 ga Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa, na gode.

Jamaldeen ne, abokin Rauf mai sayar da magani a Kanvili. Shi ya kama makara ta gaba. Shi ya fi kowa kuka a ƙofar gidana, har ni nake ba shi haƙuri.

Na aika ya zo jiya. Daga bayan labule na ce, "Malam Jamaldeen, ka san gatarin kurege?"

Ya ce, "Maman Kausara, shafawa na ce ya yi."

Sai na kunna masa muryarsa da ya turo wa Rauf: "Ka jiƙa ta kwana, ka sha rabin kofi." Na kunna sau uku. A na ukun ya fita, ko takalmi bai sa daidai ba.

Kawu, ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba. Ina son a rufe rumfarsa yana kallo. Ina son matarsa ta riƙa kai masa abinci gidan yari, ta ɗanɗana shimfiɗa babu miji. Dattawa za su zo da maganar ƙaddara, na sani. Su zo, ko ruwa ba zan ba su ba.

Ka rubuto mini shaida cewa saiwar nan dafi ce, ka sa hannu. Ƙanin Rauf, Abdul-Wahab, zai kai wa 'yan sanda.

'Yarka,
Samiratu


Salaga
21 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Samiratu,

Assalamu alaikum. Ina miki fatan sauƙin zuciya.

Abin da nake tsoro ke nan. Shekara uku da suka wuce Rauf ya kawo mini Jamaldeen, wanda ke son ya koyi itatuwan magani. Na shiga daji da shi a hanyar Kpembe. Da hannuna na tono masa saiwar nan. Na ce masa ana shafawa a gaɓa mai ciwo. Da na tsaya nan, da sauƙi. Amma ya zauna yana rubuta duk abin da na faɗa, yana ce mini Baba, daɗi ya kwashe ni. Na ƙara da cewa mutanen da suna jiƙa kaɗan su sha. Ji kawai na yi, ban taɓa gani ba. Ya ce kaɗan kamar yaya, na ce kamar rabin kofi. Kunyar in ce ban sani ba ce ta kama ni.

Ga shaidar da kika nema, na sa hannu, gaskiya ce. Amma bakina ne ya kashe mijinki. Jamaldeen yana da 'ya'ya huɗu. Ki bar shi, ki dubi zumuncin mahaifiyarki, ki yi mini hukunci a cikin gida yadda kika so.

Kawunki mai neman gafara,
Masahudu


Tishigu
26 ga Agusta

Kawu Masahudu,

Wa alaikumus salam.

Na karanta. Jamaldeen yana hannu tun Alhamis, don shi ya yi mini ƙarya a kan gawa. Abdul-Wahab ya kai shaidarka, na haɗa masa da wasiƙarka ta ƙarshe. 'Yan sanda sun ce za su zo Salaga a makon nan.

Ka sa Inna Azeta ta haɗa maka maganin hawan jininka a jaka. Kada ta zo mini ban haƙuri.

Ka huta lafiya.

Samiratu, matar marigayi Rauf