Ƙanena ya shuri tsanin da mijina ke kai

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina zai fashe. In zauna ba daɗi, in tashi ba daɗi, sai zagaye ɗaki nake kamar kazar da za ta yi ƙwai.

Mijina mai fenti ne, Allah ya jiƙansa. Ƙanena kuma tela, autanmu, a bayana ya girma. Shagonsa na ƙasan benen da aka ba mijina ya fente. Kullum cikin tsokanar juna suke, wannan ya ce wa wancan Sarkin Ƙazanta, wancan ya ce masa Allura. Ran nan na kai musu abinci, na tarar fenti ya ɗiga a kan farin leshin wata amarya da ƙanena ya shanya a ƙofa. Ya fito yana ihu ya ce mijina ya sauko. Shi kuwa bawan Allah ya zaci wasan da aka saba ne, sai dariya yake daga sama. Ƙanena ya kai wa tsanin shuri. Shuri ɗaya, Anti! A gaban idona mijina ya faɗo, kansa ya bugi siminti.

Yanzu autan yana tsare, ni kaɗai ce na gani, kuma an kira ni shaida. Inna ta riƙe ƙafata tana kuka, wai in ce tsanin ne ya zame. Yayan mijina kuma ya ce in ban faɗa da gangan aka kashe ƙaninsa ba, to da ni aka haɗa baki. Wallahi haushin ƙanena nake ji kamar in shaƙe shi, amma shi ya sungumi mijina yana kiran sunansa har asibiti. Wai ma wanda bai yi niyya ba, ya yi kisa? 'Yata tana ta tambayar ina Kawu. Me zan ce wa alƙali?

Wadda ta rasa tudun dafawa

Ƙanwata, Allah ya jiƙan mijinki, ya sanyaya miki zuciya.

Kin yi tambaya, ga amsa. A dokoki da yawa akwai kisan ganganci, akwai kuma kisan da ba a nufa ba. Idan mutum ya aikata abin da doka ta hana, mai haɗarin da kowane mai hankali zai gani, har rai ya salwanta, zai amsa laifi ko da bai so mutuwar ba. Shurin tsani da mutum a kai zai iya faɗawa nan. Hukuncinsa yawanci bai kai na ganganci ba, amma ku nemar masa lauya da wuri, shi ya san dokar wurinku.

Inna tsoron rasa ɗa take yi, yayan mijinki kuma ya riga ya rasa ƙani. Kada ki tsani ko ɗaya. Sai dai kowannensu ƙarya yake roƙonki. Idan ta Inna ta tonu, ke za ki shiga uku, kuma ba wanda zai ƙara yarda da ke in kin ce fushi ne kawai. Ta yayan mijinki kuwa za ta iya halaka ƙaninki a kan abin da bai nufa ba.

Ki faɗi duka: leshin, dariyar, shurin, da gudun asibitin. Ki samu babba ya raka ki wajen Inna kafin ranar, kada ta fara ji a kotu. Wata rana 'yarki za ta daina tambayar ina Kawu, ta tambayi yadda Babanta ya rasu. Ki faɗa wa alƙali abin da za ki iya maimaita mata ido da ido.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya raya marainiya.