Ƙanwata Ta Sace Sunan 'Yata, Na Tuge Mata Gashi

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in sake yin aikin da-na-sani, domin har yanzu da nake rubuto miki hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Ni mai kitso ce, ina da ɗan shago a bakin titi. Na daɗe da aure ban samu haihuwa ba. Tun ina budurwa akwai wani suna da na ajiye wa 'yata, na ji shi ne a bakin wata baƙuwa da ta zo kitso sau ɗaya ba ta sake dawowa ba. Na bincika ma'anarsa, mai kyau ce, kuma duk danginmu da unguwarmu babu mai shi. Ki yi haƙuri ba zan rubuta shi a nan ba, an riga an yi mini sata sau ɗaya.

Shekarun da na yi ina yawon asibiti, duk watan da na ga babu labari, sunan nan nake kira a raina in sha kukana in koma shago. Ko maigidana ban faɗa wa ba. Amma kin san mai kitso, hannu na aiki baki na zuba. Da Allah ya ba ni ciki, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ita ma tana ɗauke da nata, na uku. Ina mata kitso wata rana daɗi ya kwashe ni na faɗa mata. Har maimaita shi ta yi, ta ce ya yi daɗi.

Ta riga ni sauka, ta samu mace. Lokacin ƙafafuna sun kumbura, likita ya hana ni zirga-zirga, ban je ba. Duk wanda na tambaya sunan jaririyar sai ya kawo wata hira. Da ta warware ta zo shago, ta zauna a ƙasa ta sa kai tsakanin gwiwoyina kamar kullum. Na kai rabin kitson sai ga mijinta a bakin ƙofa da jaririyar a kafaɗa, yana mata wasa. Ya kira ta da sunan.

Anti, idona ya rufe. Na nannaɗe gashinta a hannu na fizga da duk ƙarfina, kanta ya bugu da ƙafar kujera, tsinken kitson da ke hannuna ya yage ta a bayan kunne. Madubi ya faɗo ya tarwatse. Tana ihu ina ƙara ja. Mijinta ya miƙa wa wata mata jaririyar ya murɗe mini hannu, na gantsara masa cizo. Sai da telan da ke jikin shagona ya shigo aka ɓamɓare ni. Da na buɗe tafina gashi ne cike, har da fata. An yi mata ɗinki. Mama ta zo ta wanka mini mari da tsohon cikina, ta ce ba ta haifi mahaukaciya ba.

Yanzu na sauka, ni ma mace. Maigidana ya ce in zaɓi suna ko ya zaɓa da kansa, ya gaji. Ni kuwa sunan nan nawa nake so in sa, ko da za a yi biyu. Mama ta ce in na yi haka kada in sake taka mata gida. Ƙanwata ba ta zo barka ba. Wani lokaci in tuna jininta a zanina in yi kuka, wani lokaci in ji da ma ɗaya gefen na haɗa. Me zan yi?

Mai kitso da aka yi wa sata

'Yar'uwa, barka da sauka, Allah ya raya.

Ƙanwarki ta cuce ki, ba zan rage mata ba. Ta san abin da sunan nan yake a wurinki, kuma ɓoyon da aka yi miki ya nuna duk sun san ba a kyauta ba. Amma ita suna ta ɗauka, ke jini kika zubar. Mace mai jego ta ba ki kanta, ta juya miki baya saboda ta yarda da ke, irin yardar da duk sana'arki ta tsaya a kai. Da tsinken ya goce kaɗan, yau ido muke magana a kai, ko gawa.

Kada ki sa wa 'yarki sunan. Kin so shi ne don babu mai shi, yanzu akwai. 'Yarki za ta tashi ana ce mata ƙarama, kuma duk wanda ya tambayi dalili za a ba shi labarin ranar da uwarta ta tuge gashin 'yar'uwarta. Ki zauna da maigidanki ku nemo wani, mai kyakkyawar ma'ana, wanda bakin Mama zai iya faɗa. Wannan karon kuma ki bar hannu ya yi kitso, bakin ya huta.

Ƙaiƙayin hannun nan ya fi sunan damuna. Ki faɗa wa likitarki ko ungozoma irin fushin da ke taso miki, ba abin kunya ba ne, kuma ga jaririya a hannunki. Sannan ki roƙi Mama ta raka ki gidan ƙanwarki. Ki nemi gafararta da ta mijinta a kan duka da cizo, ba tare da kin ce amma ba. Nata laifin ku bar shi sai wani zama, watakila ma ita za ta fara ɗauko shi.

Sunan kuwa bai ɓata ba, yana kan 'yar ƙanwarki, wadda 'yarki ce. Nan da 'yan shekaru gashinta zai isa kitso. Ki yi aikin da zai sa uwarta ta iya zaunar da ita tsakanin gwiwoyinki ta tafi kasuwa hankali kwance. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ƙanwarki lafiya.