Teburin da ke gindin kurna

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina iyali, yaya zaman Abijan? Mu nan Madawa lafiya lau.

Ran Juma'a na shiga tsohon gidanmu. Iyalin da suka saye shi sun mai da shi gidan abinci, uwar na dahuwa, 'ya'yanta na kai wa baƙi. Aka zaunar da ni a wani tebur gindin kurna, aka kawo mini zabo da shinkafa cikin asiyeti.

Yaya, teburin nan bisa kabarin Kaka yake. Ba a taɓa yi mishi alama ba, mu kaɗai muka san wurin. Na tuɓe takalmi, na kasa kai loma.

Uwar ta fito ta ce, "Hajiya, gishiri ne bai ji ba?" Na faɗa mata. Da kanta ta ɗauke teburin, tana salati.

Ta yarda mu kewaye wurin da duwatsu. Izininka nake jira, kai ne babba. Ka gaida Rabi da yara, ka sa Kaka cikin addu'a, mu ma ka nema mana gafara. Shekara guda ana cin abinci a kanshi, mu da muka sani ko leƙawa ba mu yi ba.

Ƙanwarka,
Hadiza