Garba, Takardarka Ba Ta Kai Argungu Ba

Zuwa ga aminina Garba, duk inda kake.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na buga wannan a jarida don ban san inda aikin soja ya kai ka ba. Wanda ya san ka, don Allah ya karanta maka.

Ka tuna wasan kwaikwayon da munka yi a makaranta nan Birnin Kebbi, shekarar samun 'yancin kai? Na masoya biyu da sunka mutu don saƙo bai isa ba. Kai ne saurayin. Ni anka ba ɗan aike, magana uku kacal, na yi ta fushi. Malam ya ce, "Kai, wawa! Cire ɗan aike daga wasan ga, ka gani ko wani zai mutu."

Dariya na yi, Garba.

Da safen ranar wasan ka ba ni takarda ta ajami in kai wa masoyiyarka Hajo a Argungu, don washegari za ka tafi. Da anka zo shiga fili ba a ga takardar da ɗan aike zai riƙe a wasan ba, sai na riƙe taka. Anka tafa, anka watse. Na tuɓe rigar wasan da takardarka a aljihu, Malam ya kulle kayan a akwati. Na ɗauka faɗuwa ta yi. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa.

Yanzu ni ke koyarwa a nan. Shekaranjiya na buɗe akwatin, ga ta. Na karanta, ka yafe mini. Ka ce ta jira ka, in ba ta amsa ba ka gane ba ta so.

Shekara uku tana jira, Garba! Jiya na hau keke na same ta bakin gulbi tana shanya shinkafa. Ta karanta, ta zauna ƙasa. Juma'a mai zuwa za a ɗaura mata aure da wani masunci, ita ta amsa da bakinta. Ta ce, "In ya zo kafin nan, ni zan yi wa Baba magana."

Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Ka zage ni, ka daina gaishe ni har abada, amma ka zo.

Allah Ya kai maka wannan kafin Juma'a, Ya sa kana raye. Amin.

Naka,
Ɗan aiken da ya makara,
Umaru