Shuɗin Tabon Jacinta

Litinin, 3 ga Maris
Citlali, matar ƙanena Anselmo, ta sauka. Mace, Jacinta za a sa mata. Mama ko fuskar ba ta tsaya kallo ba, ta kife jaririyar ta ɗage zani. Ga shi kuwa a ƙasan baya, shuɗin tabon nan da ake cewa na jinin 'yan asalin ƙasa ne. Ta mayar da zanin ta ce, "To. Dangin uwa ta ɗauko."

Alhamis, 6 ga Maris
Mama ta ce wai rigar baftismar da kakan Baba ya zo da ita daga ƙasar Sifen ba za ta fito daga akwati ba, ta tsufa. Bara da aka sa wa ɗan Yaya Pilar, mai ido kamar na mage, ba ta tsufa ba. Ni dai ba ruwana.

Lahadi, 16 ga Maris
Anselmo ya tofa yawu a 'yar kwalba ya aika gwajin asali. Dabararsa ita ce in aka ga shi jinin Sifen ne zalla, ai rabin yarinyar nasa ne, Mama za ta sauko. Citlali na gefe tana shayarwa, ta ce, "Wato rabina ake roƙo a yafe?"

Talata, 22 ga Afrilu
Sakamako ya shigo wayarsa muna cin abinci. Kusan rabin jininsa na 'yan asalin nan yankinmu na Puebla ne.
Mama ta ce sun haɗa yawunsa da na wani. Can kuma ta ce, "Daga wajen ubanku ne."
Na ce, "Mama, ba shi ne jikan ɗan Sifen ɗin ba?"
Ta ce in miƙo gishiri.

Laraba, 23 ga Afrilu
Na daɗe gaban madubi. Hancin jiya ne dai.

Lahadi, 11 ga Mayu
An yi baftisma. Akwati bai buɗu ba, Mama kuma ciwon kai ya hana ta zuwa. Mahaifiyar Citlali ta zo daga ƙauye da 'yar riga mai jajayen furanni, ɗinkin hannunta. Ni aka ba riƙon yarinyar.
A ƙofar coci Doña Amparo, aminiyar Mama, ta leƙa fuskar jaririyar, ta dube ni. "Remedios, 'yar mai aikinku ce kika riƙe mata? Allah ya ba ki lada."
Na ce, "'Yar gidanmu ce. Ba ki ga ni ta ɗauko ba?"
Ko kaɗan ba ta kama da ni. Haushi ne kawai, ina jin. Amma har muka iso gida ban miƙa wa kowa ita ba.